Asama'u Mai Rakiyar Asibiti da Intabiyun Najiba

Shekara huɗu na yi ina zaune da Asama'u Gidaɗo a falat ɗaya a unguwar Al Nahda, kan iyakar Dubai da Sharjah, ni da ɗakina, ita da nata. Firij ɗinmu ɗaya, amma ta mamaye fiye da rabinsa da man shanu da daddawa da mutane ke kawo mata tsaraba. Aikinta rakiya. Idan Bahaushe ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Yola ya zo Dubai neman magani, ita za ta tare shi a filin jirgi, ta kai shi masauki a Deira, ta raka shi asibiti. Ta juya masa Turancin likita zuwa Hausa, ta juya wa likita Hausarsa zuwa Turanci, bayan ta tsince zagin da ke ciki.

Mutane suna ce mata Dakta, ba ta kuma taɓa hana su ba. Gaskiyar magana shekara ɗaya da rabi ta yi a makarantar koyon aikin jinya a gida, aka sallame ta saboda ta gaya wa wata malama cewa allurarta ta fi cutar zafi, a gaban mai cutar. Ta yi aure, auren ya mutu, ta shiga saron kaya. A zuwanta Dubai na uku, wata Hajiya da suka sauka ɗaki ɗaya ta yanke jiki ta faɗi a kasuwar Murshid Bazaar ana tsaka da ɗaure kago, wato kayan da za a tura gida. Asama'u ta bi ta asibiti, ta yi kwana shida tana yi mata tafinta. Hajiyar ta koma gida ta ba da labari, tun daga nan wayar Asama'u ba ta sake hutawa ba.

Duk zaman asibitin nan bai sa ta ga likitoci da gashi ba. Takan ce, "Mutum ya baro garinsu da ƙafa a kumbure, ya zauna gabanka, kai kuma kana ta kallon kwamfuta kamar ita ce ba ta da lafiya." Akwai 'yan kaɗan da take girmamawa, kuma za ka gane su, domin su kaɗai take kai wa kilishi.

Tana da ƙane, Ɗalhatu, injiniya ne, ofishinsa yana Al Khabaisi, gidansa kuma bai fi tafiyar minti goma daga namu ba. A shekarar 2018 babbar 'yarsa Najiba ta gama sakandare da sakamako mai kyau, jami'o'i biyu suka kira ta intabiyu. Irin tsarin nan ne da ake ɗaukar yaro kai tsaye daga sakandare, a haɗe masa digirin farko da karatun likitanci a shekara shida, ba sai ya sake neman gurbi a tsakiya ba. Intabiyun kuwa ba zama ɗaya ba ne. Ɗakuna ne a jere, kowanne minti bakwai, a kaɗa ƙararrawa ka fita ka shiga na gaba. Wani ɗakin tambaya, wani kuma za ka tarar da mutum an sa shi ya yi kamar mara lafiya, a ga yadda za ka yi da shi.

Ɗalhatu ya ɗauki abin kamar ginin gada. Ya tattaro tambayoyi ɗari da ashirin daga intanet da amsoshinsu, ya buga a ofis, aka yi musu bango. Kullum bayan la'asar sai ya ɗaura nakatai, ya zauna a falo, Najiba ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin ta shigo ta gaishe shi da Turanci kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Wata Juma'a muka je cin abinci gidan, muka tarar ana yi. Ɗalhatu ya gyara tabarau ya ce, "Me ya sa kike son zama likita?"

Najiba ta kalli bango ta fara, "Tun ina ƙarama nake da burin taimakon al'umma, musamman masu rauni..."

Asama'u ta ajiye cokali. "Wace al'ummar? Ke da ko rimot ba kya iya bar wa ƙanwarki. Tun kina ƙarama kuwa burinki ki sayar da askirim, ni kika gaya wa."

"Yaya, don Allah," in ji Ɗalhatu. "Wannan ba harkar dillancin asibiti ba ce. Ilimi ne."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta ƙara miya.

Sa'ar ba ta zo ba. A intabiyun farko Najiba ta shiga wani ɗaki ta tarar da wata mata tana kuka, wai an gaya mata mahaifiyarta ba za ta tashi ba. Najiba ta laluba cikin kanta, ta ga amsar da ta fi kusa ita ce ta tambaya ta arba'in da uku, sai ta tsaya ta zayyana wa matar ginshiƙan ɗa'ar likitanci guda huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Matar ta daina kukan ta zuba mata ido. Bayan kwana goma wasiƙa ta zo, an gode mata.

Saura mako uku a yi na biyun. Ɗalhatu da kansa ya kawo ta falat ɗinmu, ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota.

"Yaya, ko za ki ɗan duba ta."

"Dillaliyar?"

"Na dai ce ko za ki duba ta."

A lokacin Asama'u tana da wani baƙo, Alhaji Sanda, ɗan kasuwar shanu, mai shekara kusan saba'in. Ciwon suga ya ci masa ɗan yatsan ƙafa, likita ya ce dole ya koma allurar insulin, shi kuma ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba za a yi masa ba. Washegari Asama'u ta kai Najiba masaukinsa a Deira, ta zaunar da ita a kujera.

"Baba Alhaji, ga 'yata, za ta taya ka hira. Ni zan leƙa kasuwa in sayo turaren da aka aiko ka." A bakin ƙofa ta ja Najiba gefe ta ce, "Ki gano mini dalilin da ya sa ba ya son allurar nan. Shi ke nan aikinki. Yalla, maza."

Ranar farko Najiba ta yi masa bayanin yadda suga ke aiki a jini, har da zane a takarda. Alhaji ya yi barci. Rana ta biyu ta zo da hotunan ƙafafuwan da aka yanke, ya karɓi wayar ya duba da kyau, ya ce na uku ya yi kama da ƙafar wani direbansa, sannan ya zaro dabino daga ƙarƙashin matashi ya miƙa mata. Ta dawo falat ɗinmu idonta ya yi ja.

"Gwaggo, mutumin nan ba ya ji."

"Me ya ce miki?"

"Bai ce komai ba."

"Yaushe kika bar shi ya ce?"

Rana ta uku ta je ba ta shirya komai ba, don ta gaji. Suka zauna shiru, har shirun ya ishe ta, ta tambaye shi ko shanu ma suna ciwon suga. Alhaji ya yi dariya har da tari. Daga nan ya ɓalle, ya ba ta labarin kasuwa, da yadda ake gane saniya mai ciwo tun daga tsayuwarta, da yayansa da ya koya masa sana'ar. Ta ce yayan yana nan? Ya ce ya rasu shekara takwas ke nan. An fara yi masa allurar nan a watan azumi, kafin babbar salla an yanke masa ƙafa, bayan salla aka binne shi.

"To ki gaya mini, 'yar nan, ni da na ga wannan da idona, in miƙa jikina?"

Najiba ta gaya mana daga baya cewa amsa ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye. Ta ce masa Allah ya jiƙan yayan, ta tambaye shi ko ya taɓa gaya wa likitan wannan labarin. Ya ce likitan bai tambaya ba.

Asama'u ta kai maganar asibiti. Likitan, ɗaya daga cikin masu samun kilishi, ya juya kujerarsa ya zauna da Alhaji kusan rabin awa, ya nuna masa cewa yayansa makara aka yi, ba allurar ce ta kashe shi ba. Alhaji ya yarda da kyar, bisa sharaɗin shi zai riƙa yi wa kansa, tun da ya yi wa shanun da suka fi likitan ƙiba. Dabinon dai bai daina ɓoyewa ba.

Sauran kwanakin a falonmu aka yi su. Asama'u ta ɗauko agogon kicin ta sa minti bakwai, ni aka ba ni takarda da biro aka ce ni ce mai ba da maki, kada in yi murmushi ko da wasa. Ita kuma ta zama marasa lafiya. Ta zama tsohuwa mai kurumta, ta zama attajirin da ya san komai, ta zama uwar da aka ba ɗanta magani ba daidai ba. Wannan na ƙarshen ta yi shi da gaske har maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ƙwanƙwasa ƙofa ta zo ta'aziyya. Duk lokacin da Najiba ta fara jero haddarta, sai Asama'u ta ce, "Khalas, shi ke nan, na mutu. Kira na gaba."

Ta koya mata ƙananan abubuwa ma. Ta ce ta riƙa zama kafin ta faɗi labari mara daɗi. Idan namiji ya miƙo hannu, ta dafa ƙirji ta yi murmushi ta wuce ga magana, kada ta tsaya wa'azi. Idan ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Wannan ne ya tayar wa Ɗalhatu da hankali.

"Yaya, ta yaya za ta ce ba ta sani ba a intabiyu?"

"Da likitoci suna faɗar haka, da an rage masu gyaran kabari."

Ranar intabiyun suka fita tun bakwai na safe saboda cunkoson Sharjah, Asama'u a gaba tana gaya wa Ɗalhatu hanyar da ya fi ta sani. Iyaye aka bar su a wani zaure da shayi. Najiba ta fito wajen azahar. Ta ce an tambaye ta dalilin son likitanci, ta ba su labarin Alhaji Sanda, har da barcin da ya yi mata, mai tambayar ta yi dariya. Amma a wani ɗakin an ba ta jadawalin alƙaluma ta fassara, ta ga abin kamar rubutun Sinanci, ta faɗi ɗan abin da ta gane, sauran ta ce ba ta sani ba. Ɗalhatu ya haɗe rai ya ja mota suka dawo gida.

Ba a ɗauke ta kai tsaye ba. An sa ta a jerin masu jira, ta yi wata biyu tana duba waya har a banɗaki. A watan Agusta wani ya janye, aka kira ta. Ɗalhatu ya yi walima a gidansa, ya tashi ya yi jawabi, ya ɗaga littafin tambayoyinsa ya ce duk wanda ɗansa ke buƙata ya zo ya ara. Asama'u ta ci kazarta, sai da muka fito ta ce, "Bar shi, tun yana yaro haka yake. Ni na koya masa keke, ya ce iska ce ta tura shi."

Mutane dai sun san inda aka yi aikin. Shekarar da ta biyo baya iyaye biyar suka kawo mata 'ya'yansu. Cikinsu har da Abdou, wani ɗan Nijar mai harkar kago a Murshid Bazaar, da 'yarsa Aïchatou. Zama biyu Asama'u ta yi da yarinyar, ta kira uban ta ce, "Malam Abdou, 'yarka tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta son mutane in suna tari. Zanen gine-gine take so, tsoron ka ya hana ta faɗa."

"C'est pas possible," in ji Abdou da Faransanci, wato ba zai yiwu ba. "Na riga na gaya wa kowa a Zinder."

"To ka koma ka sake gaya musu."

Shekara guda bai gaishe ta ba. Aïchatou kuwa zanen gine-ginen ta karanta.

Da korona ta zo a 2020, jirage suka tsaya, baƙin asibiti suka ɗauke ƙafa. Asama'u ta yi watanni ba rakiya, ta rame, ta fara faɗa da ni a kan wanke-wanke. Intabiyun ma ya koma ta bidiyo, sai ta jingina wayarta da gwangwanin madara ta ci gaba da mutuwa da farfaɗowa a gaban yara daga Ajman da Abu Dhabi, har da wasu daga Kaduna da ba ta taɓa gani ba. Dokarta ɗaya ce, kowa ya miƙe tsaye ta ga ya sa kaya har ƙasa, don ta kama wani da kwat a sama da gajeren wando a ƙasa.

A tsakiyar 2021 ta samu aiki a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibiti a Al Khabaisi. An rubuta mata a takarda cewa ba aikinta ba ne ba marasa lafiya shawara, ta sa hannu, ta ci gaba da bayarwa a hankali da Hausa da ɗan Larabcinta. A shekarar yara uku ta shirya, biyu suka samu gurbi, ɗaya bai samu ba, uwarsa har yanzu tana cewa hassada ce. A ƙarshen shekarar aka mayar da aikina Abu Dhabi, na kwashe kayana. Ta raka ni har mota, ta cusa mini kwalbar man shanu a jaka, ta ce in na tashi zuwa asibiti in kira ta tukuna, don akwai likitocin da ko akuyarta ba za ta kai musu ba.