Wuƙar Baba Maigadi

Ranar da na gasa wuƙar Baba maigadi ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake shi bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano na samu aikin kuku a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA. Watana biyu, ina ta rawar kai don a san an ɗauki mutum. Maigadin gidan dattijo ne daga Jigawa, kuma shi ke yanka ragon layyar Alhaji tun kafin a haifi 'ya'yan gidan. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma ranar Sallah kowa sai ya jira shi.

Jajibirin Sallah ya miƙo mini wuƙarsa. Baƙa ce ƙirin, maƙerin garinsu ya ƙera ta da ƙarfen sifirin ɗin mota. "Ɗana, goge mini ita da man gyaɗa kawai," ya ce.

Ni kuwa na ga ƙazanta. Na kunna murhun gas, na ɗora ta sai da ta yi jawur, wai ina kashe ƙwayoyin cuta. Da ta huce na dirje ta da toka har ta ɗauki ido, na mayar cikin kube. Har yaba wa kaina na yi.

Washegari aka kayar da rago, Alhaji da baƙinsa suna tsaye cikin manyan riguna. Baba ya zare wuƙa, ya dube ta, ya dube ni. Ya wasa ta a dutse, ya gwada a itace, bakin ya lanƙwashe. Ya sake wasawa, haka dai.

"Baba, lafiya?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, wuƙar ce ta tsufa. Ba na azabtar da dabba."

Aka aika direba Tudun Wada ya ɗauko mahauci, Baba ya koma riƙe ƙafar rago.

Da yamma na kai masa nama, ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Taurin nan maƙeri ne ya sa mata, da ya ƙona ta ya tsoma a mai. Ka mayar da ita wuta, ka zare shi. Baƙin kuma ba dauɗa ba ne, shi ke hana ta tsatsa."

"To me ya sa ba ka faɗa wa Alhaji ni ne ba?"

"Kana da iyali," ya ce, ya ci gaba da cin namansa.

Daga wannan shekara mahaucin nan Alhaji ke kira. Baba bai sake yanka a gidan ba, ni kuma na yi shekara tara ina aikina. Har yau abin yana ci mini rai. Shi ya koya mini cewa abin da ban san yadda aka yi shi ba, in tambaya kafin in gyara, don wani lokaci ba mai ɓarnar ke ɗaukar asarar ba.