Madam Agogo da Baba Gira

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana shirya wasan barkwanci a gidan talabijin, amma fuskarta ba ta taɓa fitowa a allo ba. Sunanta kaɗai ke wucewa a ƙarshen shiri, cikin rubutun nan mai gudu, lokacin da kowa ya riga ya miƙe ya nufi kicin. Har mahaifiyarmu ta koma ga Allah ba ta gane wannan aiki ba. In aka tambaye ta sai ta ce, "Tana can dai wajen masu ba da dariya, amma ita ba ta bayarwa." Kuma gaskiya ta faɗa. Yaya ba ta iya ba da labari ba ko kaɗan. In ta fara, sai ta faɗi ƙarshen tun a tsakiya, sannan ta tsaya tana kallonka tana jiran ka yi dariya.

Da aikin buga takardu ta shiga gidan. Marubuta su kawo wasa da rubutun hannu, ita ta buga a tafireta. Sai ta ɗauki wata ɗabi'a ta rage musu magana ba da izininsu ba: inda mutum ya yi layi huɗu kafin ya kai ga abin dariyar, sai ta bar masa biyu. Wata shida tana wannan ta'asa kafin babban marubucin ya farga. Ya zo kanta yana huci da takarda a hannu, ita ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Yallaɓai, tsakanin naka da wanda na gyara, wanne aka fi yi wa dariya?" A ranar aka ba ta takardar gargaɗi. Mako biyu bayan haka aka ɗauke ta daga ofis aka kai ta sutudiyo, kuma shi wannan marubucin ne ya nemi a yi hakan.

Ni tela ce. Da ta zama furodusa sai ta jawo ni in kula da kayan sawar 'yan wasa, na yi shekara goma sha takwas a wani ɗan ɗaki mai madubi biyu da fanka mai ƙara, a bayan dandali. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Ranar Laraba da safe ake ɗaukar shirin, a nuna shi ranar Asabar. Akwai mawaƙa, akwai masu tsalle-tsalle, akwai wani mai rufa-ido da kurciyarsa ta taɓa shigewa cikin fitilun sama ta ƙi saukowa, akwai kacici-kacici, sannan a rufe da gajeren wasa. 'Yan kallo sittin ake shigowa da su. Kowane furodusa da na sani yana zama a ɗakin na'urori ne yana kallon allo. Ban da Yaya. Ita ƙaramar kujera take ajiyewa a gindin dandali, ta juya wa 'yan wasa baya, ta fuskanci mutane, da agogon ƙirga daƙiƙa a wuya da fensir a hannu. Da an fashe da dariya ta danna, da an yi shiru ta danna, ta rubuta. Duk abin dariyar da bai kai daƙiƙa uku ba, yanke shi take, ko da uban waye ya faɗe shi. Daga nan aka laƙaba mata Madam Agogo, da farko a bayan idonta, daga baya har manaja haka yake kiran ta.

Ba tsawon dariya kaɗai take aunawa ba. Ta ce akwai wadda take fitowa daga ciki, wadda kafaɗa ke rawa kafin baki ya buɗe. Akwai kuma ta kara, wadda mutum yake duban na kusa da shi tukuna ya ga ko lokacin yi ya yi. Ta biyun ba ta ƙirga ta. Sau uku ana kawo mata shawarar a riƙa saka naɗaɗɗiyar dariya a inda wasa ya yi sanyi, sau uku tana yin fatali da ita.

Babban ɗan wasanta shi ne Baba Gira. A gidan waya ta tsinto shi, yana sayar da kan sarki a bayan kanta. Ta shiga layi ta ga mutane suna ƙunshe dariya alhali mutumin ko magana ba ya yi. Wani ne ya kawo ƙunshi an ɗaure da igiya kamar za a kai shi ƙarshen duniya, shi kuma ya dubi ƙunshin, ya dubi mai shi, ya ɗaga gira ɗaya. Shi ke nan. Yaya ta yi sati uku tana sintiri kafin ya yarda ya zo gwaji. Suka yi shekara ashirin da biyu tare. Yana ce mata 'yata, tana ce masa Baba, kuma bayan kowace ɗauka sai ya shigo ɗakina yana cire kaya ya tambaye ta, "Nawa?" Ta karanta masa daƙiƙoƙinsa, ta faɗa masa abin da za ta yanke, su yi ta musu ina ninke kaya.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun hagu ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Ya yi sama da shekara a gida. Da ya samu sauƙi, manaja ya shirya a kawo shi dandali a kujera, a ba shi lambar yabo, a tafa masa, a sallame shi da mutunci. Matarsa ce ta kawo amsa, domin ita ke fassara maganarsa in ta sarƙe. Ta ce, "Ya ce a gaya muku bai mutu ba. In za a ba shi wasa ya yi na ƙarshe, zai zo. In tafi ne, a bar shi a gida."

Aka ba shi wani tsohon wasansa da kowa ya haddace. Ranar ɗauka ɗakin ya cika da masoyansa, wasu tun da ya fito suke share hawaye. Ya fara magana, kalmomin suna fita da ƙyar, amma kafin ya kai ƙarshen layi an riga an kwashe da dariya. Ya manta wani wuri, aka yi dariya. Ya yi tari, aka yi dariya. Da aka gama kowa ya miƙe tsaye, manaja ya rungume shi, ni kaina na yi ta tafi har hannuna ya yi zafi.

A ɗakina, ina zare masa riga a hankali ta wajen hannun da ba ya motsi, Yaya ta shigo. Ya dube ta ta madubi ya ce, "Nawa?"

Ta nuna masa takardar. Babu komai a kai.

"Ban danna ba, Baba."

"Me ya sa?"

"Tausayi ne. Suna son ka, shi ya sa. Amma ba wasan suka yi wa dariya ba."

Wallahi ji na yi kamar in ɗauki almakashi in jefe ta. Tsoho, mara lafiya, a ranarsa ta ƙarshe, me zai ragu a jikinta in ta ce masa takwas ko tara? Matarsa ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya daɗe yana kallon kansa a madubi, sannan ya ce, "Na sani. Na ji." Ya ƙara da cewa kada a nuna wannan ɗaukar, gara mutane su tuna shi yadda yake a da.

Da shi da matarsa suka fita na sauke wa Yaya kwandon magana. Na ce ba ta da zuciya, agogo ne a ƙirjinta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi masa ƙarya ba. In na fara yau, duk na baya ma sun zama ƙarya. Ki nemo mini yadi, dogo."

Manaja ya so a nuna abin haka nan, ya ce ya yi kyau, mutane za su yi kuka. Yaya ta ce ai matsalar ke nan. Ta roƙi Laraba ɗaya. Ya ba ta, da sharaɗin in ba ta yi ba, shi zai yanke hukunci. Ta tafi gidan Baba Gira da kanta ta shimfiɗa masa abin da take nufi, ba ta ɓoye masa haɗarin ba. Za ta rubuta masa wasan da ba zai ce uffan ba. Kuma ba za ta kawo masoyansa ba. Za ta kawo 'yan makarantar firamare sittin, 'yan shekara bakwai zuwa takwas, waɗanda ba su san shi ba, ba su san yana ciwo ba.

Ta ce, "Yara ba su iya kara ba, Baba. In bai yi ba, shiru za su yi maka, ko su fara wasansu. Kuma ba zan iya cetonka ba."

Ya ce, "Kawo su."

Wasan na shagon tela ne. Tsoho ya zo karɓar rigarsa, tela ya ɓata ɗinki, amma ya dage da surutu cewa haka ake yayi. Ni na ɗinka rigar, kuma har yau ina alfahari da ita fiye da duk kayan da na taɓa yi. Hannayenta na ƙara musu tsawo har suna jan ƙasa. Na hagun na sa masa ɗan nauyi a ciki yadda zai zauna daram a kan cinya, ba mai cewa akwai abin da ya samu hannun.

Laraba ta zo. Aka shigo da yara a layi, aka bar malamansu a waje bisa umarnin Yaya, don kada su ga babba ya yi dariya su bi shi. Ta zauna a kujerarta. Ni ina leƙe ta bayan labule, matarsa tana riƙe da gefen zanena.

Wanda ya fito a matsayin telan ya fara zuba, Baba Gira yana zaune cikin rigar. Shiru. Wani yaro yana ƙoƙarin kwance igiyar takalmin na gabansa. Wata yarinya ta yi hamma har ana jin ta a makirufo. Minti ɗaya cur aka yi a haka, na fara tsine wa Yaya a zuciyata. Ina hango ta, ko gezau, fensir a tsaye.

Sai tsohon ya ɗaga hannun dama a hankali. Yadin ya lanƙwashe ya rataya. Ya dube shi. Ya kawo bakin hannun rigar kusa da idonsa ya leƙa ciki, yana neman inda hannunsa ya shiga. Bai gan shi ba. Ya girgiza, ya sake leƙawa. Sannan ya juyo ya dubi yaran, ya ɗaga girar nan.

Yarinyar da ta yi hamma ita ta fara. Wata irin ƙara ta yi kamar an matse ta, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Suna bubbuga benci, suna nuna shi da yatsa, wani ya zame ya faɗi ƙasa bai daina ba. Telan ya tsaya da maganarsa dole, don ba mai jin sa. Baba Gira bai yi gaggawa ba. Ya jira ta fara lafawa, daidai inda ya kamata, sannan ya miƙa wa telan hannun rigar wai su gaisa. Suka sake fashewa. Mai ɗaukar hoto na gefen dama sai da ya ɗauke ido daga kyamara ya goge fuska. Matarsa ta saki zanena ta zauna a kan akwatin kaya.

Bayan an fitar da yara, Baba Gira ya shigo ɗakina yana haki, gumi ya jiƙa wuyan rigar. Na zaunar da shi. Yaya ta shigo da takardarta.

"Nawa?"

"Sha huɗu a leƙen hannu. Tara a gaisuwa. Bakwai, shida, da wasu ƙanana."

Ya lumshe ido.

"Amma farkon ya mutu, Baba. Ka daɗe ba ka motsa ba. Zan yanke rabinsa."

Na buɗe baki zan yi mata ca, sai na ga ya buɗe ido ya gyara zama.

"Rabi? Ke 'yata, wannan shirun shi ya ɗauko dariyar."

"Daƙiƙa talatin ta isa."

"Arba'in."

"Talatin da biyar, kuma ba na ƙarawa."

Maganarsa tana sarƙewa, yana maimaita kalma sau biyu kafin ta fita, amma bai saki ba, ita ma ba ta sassauta masa ba. A nan na gane abin da ta ba shi, na ji kunyar abin da na faɗa mata, na kuma ji wani irin alfahari da ita da ya cika mini ƙirji har na kasa ɓalle maɓallin rigar.

Ya juya wajen matarsa, hawaye yana bin gefen fuskar da ba ya motsi, ɗaya gefen yana murmushi.

"Kin ji ta ko?" ya ce. "Har yanzu yanke mini aiki take yi."