Kofin Shayin Baba da Manhajar Zane

Lokacin da nake digiri na biyu, aikina shi ne auna zafin ɗakunan ƙasa da na siminti. Gidanmu na Kabara yana da duka biyun, sai na kafa na'urar awo ɗaya a soron Baba, ɗaya a sabon ɗakin siminti da yayana ya gina. Lambobi suna ta kwarara cikin kwamfuta, ni kuwa so nake in ga sun zama layi a kan allo nan take, don in san ko awon yana tafiya daidai.

Zaɓen manhajar zanen ne ya tsaya mini a rai. Malamina ya ce in ɗauki wata babba da ake ji da ita a sashenmu. Da na ɗora ta, tsohuwar kwamfutata ta hau huci, kafin zane ɗaya ya fito har na idar da la'asar. Wata ƙawata ta ba ni wadda sai an rubuta mata umarni. Zanenta gwanin kyau, amma in ka manta waƙafi ɗaya sai ta ƙi motsi. Ta ukun 'yar ƙarama ce, ba ado, har na raina ta.

Baba, wanda ya bar wa yayana rumfarsa ta Ƙofar Wambai ya dawo zaman gida, yana kan buzunsa yana kallona ina tsaki.

Ya ce, "Wai me kike nema ne?"

Na ce, "Wadda za ta nuna canjin zafi da zarar ya faru, Baba."

"To ai gwaji ba wuya. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya."

Ya kanga kofin shayinsa a jikin na'urar. Babbar ta yi shiru. Ta biyun sai da na sake buga mata umarni. Ina buɗe ƙaramar, layi ya yi tsalle sama. Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Wannan ce mai jin magana!"

Ya ƙwala wa Inna kira, ta zo da moɗar ruwan randa ta kanga a jikin na'urar, layin ya gangaro, ta rangaɗa guɗa. Awon ranar dai ya lalace, amma da ƙaramar na yi aikin har ƙarshe.

Sakamako ya nuna soro ya fi sanyi da rana. Yayana ya ce na'urata ce ke son kai. Bayan kwana biyu na tarar da shi da azahar ya shimfiɗa tabarma a soron kusa da Baba, yana ta minshari.