Baƙon Da Na Tayar Daga Kujera

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma yau shekaru ke nan amma ban taɓa zama na ba da labarin daga farko har ƙarshe ba sai yanzu.

A Illela ne, lokacin na gama karatu a Sakkwato na dawo gida babu aikin yi. Akwai wani tsohon gidan silima a garin da iyayenmu suke ba da labarinsa, wanda mu dai mun taso mun tarar da shi a rufe, ana tara albasa a ciki. To sai ɗan mai gidan, Nasiru, ya dawo daga Abuja da ra'ayin ya farfaɗo da shi. Ya bar tsohon bangon da ƙofar ƙarfen nan ta asali, ya yi rufi, ya zuba kujeru masu laushi kowace da lambarta, ya sa na'urar sanyi, har da mai gugguru a bakin ƙofa. Ni ya ɗauka na zama mai tarbar 'yan kallo. Aikina na karɓi tikiti, na haska wa mutum da tocila har kujerarsa, in kuma wani ya kawo kuka ni zan saurara. Nasiru ya sha gaya mini cewa duk wanda ya shigo gidan nan baƙonmu ne, ko zagina ya yi kada na ɗaga masa murya.

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwa, gari ya cika da mutanen Ƙonni da na ƙauyuka, ga zafi kamar ana hura wuta. Muna da kallon bayan La'asar kuma tikiti ya ƙare ƙaf. An kashe fitilu an fara ke nan sai ga Garba ya shigo da sauri yana share gumi. Garba abokina ne tun muna yara, ɗan canji ne a bakin iyaka, mutum mai surutu da dariya, ga shi matarsa ta haihu bai fi wata biyu ba. Ya miƙo mini tikiti, na duba na ga kujerar ƙarshe ce ta layin baya, can jikin tsohon bango. Na ce ya biyo ni.

Muna isa sai na tarar da mutum a zaune a kai. Dattijo ne siriri, da farar riga wadda ta sha wanki da rawani sassauƙa, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon allo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ni ke tsaye a ƙofa tun da aka buɗe, kuma ƙofa ɗaya ce, ban ga shigowarsa ba. Amma ranar kasuwa ce, na ce ƙila cikin turmutsutsu ya wuce ni.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ko zan ga tikitinka?"

Bai juyo ba. Ya ce a hankali, "Ɗana, wurin ga nawa na. Tun ba a haihe ka ba nika zamnawa nan."

Na yi masa bayani cikin ladabi cewa yanzu tsari ya canza, kowa da lambarsa, ga mai kujerar ya zo. Na ce zan kawo masa kujerar roba na ajiye masa a gaba, kyauta, har da lemo mai sanyi. Ya ce shi bai son lemo, na bar shi inda yake kawai, in an tashi zai tafi. Wallahi har zuciyata ta fara karkata, don ni ban iya musu da tsoho ba. Sai Garba ya taɓa ni ta baya yana dariya ya ce, "Kai, mi kaka jira? Fim na wucewa." Na gaba kuma suka fara tsaki, wata mata ta ce na kashe tocila.

Na sake roƙon tsohon, karo na uku ke nan, wannan karon da ɗan kaushi. A nan ne ya juyo ya dube ni. Ba zan ce muku na ga wani abin tsoro a fuskarsa ba, fuska ce irin ta kowa, sai dai hasken tocilar yana cikin idonsa tsaf amma ko ƙiftawa bai yi ba. Ya dubi Garba, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙe ya ce, "To, shi zamna."

Na matsa na ba shi hanya. Da ya gifta ni sai na ji wani sanyi irin na bakin rijiya, da warin ƙasar da ta daɗe a rufe. Garba ya zauna, ni kuma na juya don na raka tsohon na cika masa alkawarin kujerar roba, amma ban gan shi ba. Na haska tsakanin layuka, na fita waje, na tambayi mai gugguru, ya rantse babu wanda ya fito.

Da aka gama aka kunna fitilu, kowa ya watse, ina zagayawa ina tsince ledoji sai na hangi Garba har yanzu a zaune. Na ɗauka barci ne ya kwashe shi. Na je na ce masa ya tashi an kusa kiran Magariba. Idonsa biyu, yana kallon farin allon da babu komai a kai, yana ɗan murmushi. Na girgiza shi, na kira sunansa, na yayyafa masa ruwa, ko gezau. Mu huɗu muka ciccibe shi zuwa mota, kuma duk inda muka juya da shi sai ya karkato da wuya yana neman allon.

An kai shi asibiti a Sakkwato, suka yi gwaje-gwajensu suka ce ba su ga komai ba. An yi ruƙiyya, an kai shi wajen malamai har cikin Nijar. Garba yana ci in an ba shi a baki, yana tafiya in an ja shi, amma magana ta ɗauke. A gida sai ya sami bango ya zauna ya zuba masa ido daga safe har dare, wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci hawaye su zubo, daidai yadda mai kallo yake yi. Matarsa ta ɗora masa jaririn a cinya, ko kallonsa bai yi ba.

Na gaya wa Nasiru duk abin da ya faru, ya ce na yi shiru da bakina kada na kashe masa kasuwa. Na je wurin wani tsoho da ya taɓa yin gadi a gidan silimar zamanin da. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni wace kusurwa ce, na faɗa masa. Sai ya ce, "A zamaninmu ba mu sai da tikitin wurin nan." Na ce don me? Ya ɗauki butarsa ya shige gida. A satin na ajiye aikin.

Zuwana na ƙarshe wurin Garba, bayan kusan wata bakwai, na tarar ya rame ya zama ƙashi da fata. Na zauna a gabansa, tsakaninsa da bangon, na riƙe hannunsa ina kuka ina neman gafara, ina ce masa ni na jawo masa. Sai na ji ya motsa. Ya buɗe baki, karo na farko tun ranar, mahaifiyarsa har ta taso da gudu daga madafa. Da wata murya a hankali, wadda ba tasa ba ce amma na san inda na taɓa jin ta, ya ce, "Ɗana, matsa, ka tare muna."

Kwana uku bayan nan ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Har yau ban san wane ne na tayar ba, ban kuma san abin da Garba ya yi ta kallo ba. Ni dai shawarata, musamman ku masu aikin hulɗa da jama'a, ba duk wanda ya zo gabanku kuka san daga inda ya fito ba. In kun shiga tsohon wuri ku yi bismilla, ku yi sallama ko da kun ga babu kowa. In kuma wani ya roƙe ku da lalama ku bar shi inda yake, to ku bar shi. Allah ya tsare mu da abin da ido bai gani.