Yadda Kawu Tanko Ya Sasanta Tsinke Da Dodo

Duk wanda ya san Kawu Tanko ya san ba ya amsa maraba daga mai gida sai ya gama da karen gidan. Zai zo ƙofar zaurenka ya tsaya a kaikaice kamar mai jin kunyar surukai, ya runtse ido ɗaya, yana satar kallon wutsiyar kare. Kai kana ciki kana ta "Shigo mana, Tanko," shi kuwa yana ɗaga maka hannu: "Tukuna. Mai ƙofa bai ba ni izini ba."

Ran nan mai unguwa ya gaji, ya leƙo ya ce, "Wai Tanko, ni ne mai gidan nan ko karen?"

Kawu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne. Amma kai ba ka cizo."

Ni Habu ɗan ƙanwarsa ne, kuma ba don shi ba da yanzu ba ni da kare. Kun dai san karena Tsinke. Fulanin da suka taso daga Doguwa suka sauka a gonarmu bayan girbi, su suka bar mini shi, saboda tun da na ba shi ƙanzo ya daina bin shanu ya koma bina. Siriri ne, in ya juya maka gaba sai ka neme shi ka rasa. Cikin shanu ya tashi, a ganinsa shi ma ɗan maraƙi ne. Da ya ga karnukan gari sai ya ɗauka kuraye ne suka zo cin garke, ya hau kowa da faɗa. Ya yaga kunnen karen mahauci, ya kori na maƙeri har cikin rijiyar da ta ƙafe.

Babanmu ya kira ni zaure ya ce, "Kai Habu, na gaji da ba maƙwabta haƙuri a kan dabba. Farautar rani ta kusa, duk karnukan garin nan za su taru. In ya yi faɗa ranar, kasuwar Burumburum zan kai shi, in bai wa duk wanda ya fara miƙo hannu."

Na ce to ai abin mai sauƙi ne. Shugaban karnukan garinmu shi ne Dodo, na Sarkin Baka, wani baƙin ƙato mai kai kamar turmi. In Dodo ya karɓi Tsinke, sauran ma dole su bi. Sai na ɗaura wa Tsinke igiya, na ja shi ƙiiii har ƙofar gidan Sarkin Baka. Dodo ya fito yana kaɗa wutsiya. Na ce alhamdu lillahi, ga shi har murna yake yi! Na tura Tsinke gabansa, hanci da hanci.

Wayyo! Ƙura ta tashi, kaji suka haye danga, ni kuma na tsinci kaina a tsakiya. Allah ya jefo Kawu. Ya tuɓe tsohuwar rigarsa ya lulluɓe kan Dodo, ya fizgo Tsinke ta ƙafafun baya. Ba wanda ya zubar da jini cikinsu, amma wandona ya koma gida ƙafa ɗaya.

Kawu ya tasa ni gaba muka shiga gida. Ya karɓi tsintsiya a hannun Inna, ya soka ta a bayan wandonsa.

"Kai, mai kan kabewa, duba nan!" Ya miƙe ƙyam, ya ɗaga tsintsiyar sama tana 'yar rawa sauri-sauri. "Haka Dodo ya yi maka?"

"Haka ya yi, Kawu."

"To wannan ba maraba ba ce. Cewa yake yi, matso ka ga aiki." Ya sauke tsintsiyar ƙasa-ƙasa, ya saki jiki, yana kaɗa ƙugu hagu da dama kamar mai rawar kalangu. "Wannan ce sannu da zuwa. In ƙugu bai yi rawa ba, kada ka yarda da wutsiya."

Daga nan ya dafa ƙasa, ya kwantar da ƙirji, ya ɗaga baya sama, tsintsiya tana lilo. "Wannan kuma, zo mu yi wasa."

Daidai lokacin wata mai tallan nono ta yi sallama ta shigo. Ta dubi dattijo mai furfura a wannan hali, ta ce "Subhanallahi!" ta juya da ƙwaryarta. Har yau ba ta sake biyowa ta layinmu ba.

Inna ta rufe fuska ta ce, "Yaya, don girman Allah tashi, kana da jikoki!"

Ya ce, "Tukuna, saura hamma da lasar baki."

Sau ɗaya tak na ga kare ya gagari Kawu karantawa. Shekarar da Bature ya zo rangadi ya sauka a barikin Kiru, ya zo da wani ɗan kare mai gashi buzu-buzu, an datse masa wutsiya, saura ɗan guntu kamar kan rogo. Mutane na can suna kallon Bature, Kawu yana zagaya kare. Ya duba ta nan, ya duba ta can, sai ya tsuguna, idonsa ya yi ja, ya ce, "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aika? Yanzu da me kake magana?" Bature ya tambayi tafinta me tsohon yake cewa. Tafinta ya ce yabon karen yake yi. Bature ya yi murmushi ya miƙa wa Kawu hannu. Kawu ya ƙi karɓa, ya tafi yana gunaguni, wai mutumin da zai yi wa nasa haka, ina ga na wani.

To, mu koma kan Tsinke. Washegari da sassafe Kawu ya zo da tsohuwar karyarsa, Haƙuri, da wata igiyar rama da ta girme ni, ƙulli ya fi igiyar yawa. Na ce, "Kawu, mu sayi sabuwa mana." Ya ce wannan ta san aikin, sabuwa sai an koya mata.

Ya kai mu wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire, can bayan gari. Ya ce kare a ƙofar gidansu sarki ne, ba a kai masa baƙo nan. Sai a filin da ba na kowa ba. Ya tsaya can nesa, iyakar jifan dutse, shi da Haƙuri, ni da Tsinke a nan, muka fuskanci gabas muka kama tafiya. Ba gaisuwa, ba kallon juna.

"Kawu, mu matso?"

"Tukuna. Dubi gashin bayan Tsinke, ya tashi kamar na bushiya."

Muka yi ta tafiya.

"Yanzu fa?"

"Tukuna. Ba ka ga yana hamma ba? Ba barci yake ji ba, ransa ne a dagule. Kuma saki igiyar nan, ka shaƙe shi! Duk tsoron da ke cikinka ta hannunka yake bi ya shiga wuyansa."

Kullum haka, kullum muna ɗan matsowa. Da Tsinke ya saba da Haƙuri, har yana shinshina bayanta ita ma tana shinshina nasa, sai Kawu ya je ya roƙi Iro ɗan Sarkin Baka ya riƙa fito da Dodo. Nan tafiya ta koma sabuwa. Wata rana mun yi ta yankar gonaki har na rantse na ji kukan jirgin ƙasa a Dangora. Wani mai jaki ya tare mu ya ce, "Bayin Allah, ƙaura kuke yi?" Iro ya ce, "A'a, karnuka muke kai wa yawon shan iska." Mutumin ya bugi jakinsa ya yi gaba, yana waiwayenmu.

Ranar farauta ta zo. Aka taru a filin bakin gari, maharba da samari da kulake, mai ganga yana ta zuga su, karnuka ko'ina. Babanmu, wanda bai taɓa zuwa kallon farauta ba, sai ga shi a gindin kuka ya harɗe hannuwa.

Kawu bai bari mun shiga tsakiya ba. Muka bi gefe muna zagayawa, har sauran karnuka suka gaji da kallonmu. Sai ga Dodo ya ratso taro, ba igiya, yana takawa ɗaiɗai. Ya zagayo ta gefen Tsinke, ya tsaya. Sai ya ɗora haɓarsa a kan kafaɗar Tsinke.

Tsinke ya sandare. Na ga farin idonsa. Mai ganga ma ya tsaya da kiɗa, ko kuwa kunnena ne ya toshe, ban sani ba. Hannuna ya fara naɗe igiya da kansa. Kawu ya take mini ƙafa da diddigensa, mai kaushi kamar dutsen niƙa.

"In ka ja, ka sayar da shi," ya ce a hankali. "Saki. Dubi sama, ka yi kamar kana neman shaho."

Na dubi sama, hawaye na zuba, rabi na tsoro rabi na ƙafa. Ta wutsiyar ido na ga Tsinke ya lashi baki, ya kau da kai gefe. Dodo ya sauke haɓa, ya koma baya yana shinshina. Tsinke ma ya juya ya shinshina nasa. Sai Dodo ya girgiza jiki kaf-kaf-kaf kamar wanda ya fito daga rafi.

"Ya zubar da maganar," in ji Kawu.

Kafin in sauke numfashi, sai ga ɗan siririn nan nawa ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ya ɗaga baya sama, ƙugu na rawa! Kawu ya zare igiyar. Suka kwasa da gudu su biyu, suka zagaye kuka, suka bi ta tsakanin ƙafafun mai ganga har ya zauna a kan gangarsa.

Na ce, "Kawu, to Baba fa? Ka ga fuskarsa a murtuke."

Kawu ya tsaya a kaikaice, ya runtse ido ɗaya, ya ƙare wa Babanmu kallo. Kun san Kawu bai iya raɗa ba. Ya ce, yadda duk filin zai ji, "Kada ka damu. Gashin bayansa ya kwanta, haushin kawai ya rage."

Jama'a suka tuntsire. Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta ƙwace masa, ya rufe da hannun riga. Da ya samu kansa sai ya ce, "Karen ya zauna. Amma wallahi kada in gan shi a zaure, kusa da buzun sallata." Ranar Tsinke bai kamo ko gafiya ba. Ni dai na koma gida kamar na kashe zaki.

Cikin daminar bana zazzaɓi ya kwantar da Kawu, bai tashi ba. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna a bayan gida, ban iya cin komai ba. Sai na ji Baba ya tsaya a kaina. Ya ce, "Tsohuwar karyar nan tana can ƙofar ɗakinsa, ta ƙi tashi. Je ka taho da ita. Ba a barin tsoho shi kaɗai a kango."

Yanzu karnuka biyu ne a gidan mutumin da ya ce ɗaya ma ya yi masa yawa. Kullum da safe ina samun ɓarɓashin tuwo a gaban Haƙuri, kuma Baba ya ce shi bai san wanda yake zuba mata ba.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko. Ya yi wa bayinka marasa baki sannu a hankali, ya Allah kai ma ka yi masa sannu a hankali. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya masa makwanci, ka sa a tare shi da maraba tun daga ƙofa. Amin.