Saura Sura Ɗaya a Izun Baba Mamman

Yau da safe ina tashar Ƙaura, mota saura mutum biyu ta cika, sai waya ta yi ƙara. Na duba na ga lambar Baba Mamman na Dauran. Har na ce "Baba, ina kwana," sai na ji muryar da ba tasa ba.

Ɗansa ne, Lawali. Ya ce Baba ya rasu jiya da la'asar, an kai shi makwancinsa kafin magariba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ba fasinjoji haƙuri, na bar wa na bayana lodi. Yau ba zan iya tuƙi ba. Ina zaune a bencin mai shayi nake rubuta wannan, in kun ga na yi ta maimaita magana ku yi mini uzuri.

Wanda bai san mu ba, bari in yi masa bayani. Muna da gurup na saukar Alƙur'ani a waya. Mu sittin ne cif, kowa da izunsa guda. Daga Asabar zuwa Alhamis kowa ya karanta nasa, in ya gama ya turo "na kammala", ni kuma in sa masa alama a jerin sunaye. Ranar Juma'a bayan Asuba a yi addu'ar sauka, a kai ladan ga iyayenmu da suka riga mu, da marasa lafiya, da waɗanda ke hannun mutanen daji. Akwai 'yan kasuwa, akwai direbobi irina, akwai manoma, akwai matan aure. Daga Ƙaura, Shinkafi, Zurmi, Birnin Tsaba. Yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskar juna ba.

Ni ne admin. Kuma kun san ni, ba ni da haƙuri.

Baba Mamman shi ne ya fi kowa tsufa a cikinmu. Ba ya iya rubutu a waya, sai dai ya danna ya yi magana. Idonsa ya yi rauni, shi ya sa tun farko ya roƙi a bar masa izu na hamsin da huɗu dindindin, don shi ne ya fi zama masa a ka. Rahman, Waƙi'a, Hadid. Ya ce yana karanta shi yana noma.

Kuma gaskiya ne, don in ya turo saƙo kana jin numfashin mai aiki da kukan tsuntsaye a bayansa.

Saƙon Baba ba ya ƙarewa da wuri. Mutum ya zo cewa "na kammala", sai ya gaishe da mutanen Ƙaura, ya gaishe da na Shinkafi, ya tambayi jikin wance, ya yi wa wane barka da haihuwa, ya ba mu labarin ruwan da aka yi a Dauran, sannan can ƙarshe ya ce, "Af, izu kuma na gama." Na sha yi masa tsiya, in ce Baba ka cinye mana data. Sai ya yi dariya ya ce, "Direba, kai da kullum kake sauri, ina ka taɓa zuwa da ba ka dawo ba?"

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, mutane sun turo "Allah ya ba ta lafiya". Na gode musu duka. Amma Baba kira ya yi, ya ce in kara mata wayar a kunne. Ya yi mata addu'a, ya yi mata barkwanci har ta yi murmushi. Bayan rasuwarta, sati bai taɓa wucewa bai ambaci sunanta a saƙonsa ba.

Da kaka ta yi, ya aiko mini da gero ta hannun wani direban Zurmi, wai a dama wa yara kunu. Mutumin da bai taɓa ganina ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu, ba don in yabi kaina ba.

Ni na kafa doka a gurup: duk wanda ya yi sati uku bai turo "na kammala" ba, a cire shi. Dalilina shi ne sauka amana ce. In mutum ɗaya ya bar izunsa, mu hamsin da tara mun ɗaga hannu muna addu'a a kan saukar da ba ta cika ba.

Cikin daminar da ta wuce Baba ya yi shiru. Sati ɗaya, biyu, uku. Na kira, ba ta shiga. Hajiya Kulu, mai sayar da atamfa a Shinkafi, ita ce babbar yayarmu a gurup, ta kira ni ta ce, "Sa'idu, kada ka taɓa dattijon nan. Kai da ke bin hanyar Zurmi, ka aika a dubo shi mana." Na ce mata doka ba ta san tsoho ba. Wallahi haka na ce mata, da bakin nan nawa.

Na danna, na cire shi.

Na rubuta a gurup cewa ni zan riƙe izu na hamsin da huɗu tare da nawa kafin a samu wani. Aka yi ta sa mini albarka.

'Yan uwa, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sau huɗu na sa alama a gaban izun nan ban karanta shi ba. Ranar Alhamis ta zo, ina kan hanya, ga gajiya, sai in ce bari in sa alamar don kada jeri ya tsaya, in na isa gida in karanta. In isa gida in karanta nawa, na biyun ya gagara. Gari ya waye a yi addu'a, ina cewa amin tare da kowa. Ni da na kori mutum saboda giɓi, ni na riƙa yin giɓin ina rufewa da alama.

Haka nake yawo da abin nan a ƙirji har ranar kasuwar Zurmi, wata biyu da suka wuce.

Ina tsaye gefen mota ina kiran "Ƙaura! Ƙaura mutum ɗaya!" sai wani dattijo siriri mai sanda ya tsaya, ya karkata kai yana saurare. Ya matso ya ce, "Wagga murya na san ta. Kai na direbanmu na sauka?"

Na daina kiran fasinja. Ban san fuskar ba, amma muryar ko cikin barci na san ta.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, ya ce, "Ashe ƙato ne! Ni ina jin faɗanka na ɗauka ɗan tsurut ne." Ya tambayi yara, ya tambayi Hajiya Kulu, ya tambayi mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar jiya muka rabu.

Shi ya gaya mini abin da ya faru. Sabis ne ya ɗauke a wajensu. Tudun da suke hawa su samu sabis, kun san halin da ake ciki da mutanen daji, ba mai zuwa can a lokacin. Da sabis ya dawo, Lawali ya duba masa waya ya ce an cire shi.

Na fara kame-kame, ina cewa Baba ai doka ce. Ya ce, "Ba komi, ɗana, ka yi daidai, shugaba ba ya rasa doka. Amma daga waya kac cire ni, ba daga sauka ba. Izuna ban taɓa bari ba, ko sati guda. Na ce ko wanda anka ba ya samu uzuri wata rana, kada jama'a su ɗaga hannu bisa abin da bai cika ba."

Na kasa kallonsa.

Bai san ni ne wanda aka ba ɗin ba. Ko ya sani ya rufa mini asiri, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne duk Juma'ar nan huɗu da na ci amanarku, saukarmu ta cika. Wani tsoho a gonarsa a Dauran, wanda na kora, shi ya cika ta.

A nan ya kamata in faɗa masa gaskiya. Ban faɗa ba. Na ce, "Baba, yau ɗin nan zan mayar da kai." Ya ce, "In da wuri. In babu, ai ina nan." Fasinjoji suka fara ƙorafi, na shiga mota. Na hango shi ta madubi yana ɗaga mini sanda.

Ganinmu na farko ke nan, kuma na ƙarshe.

Daga ranar ban sake sa alamar ƙarya ba. Amma ban mayar da shi ba. Me ya hana ni? Girman kai, ba wani abu ba. In na mayar da shi sai na yi wa jama'a bayani, sai na ce wa Hajiya Kulu ita ce da gaskiya. Kullum gobe, kullum gobe. Dannawa ɗaya ce fa, jama'a. Wata biyu na kasa.

Da Lawali ya gama faɗa mini rasuwar, ya ce kada in kashe, akwai saƙo. Ya ce jiya da hantsi Baba ya sa aka jingina shi da bango, ya fara izunsa a hankali. Ya gama Rahman, ya gama Waƙi'a, numfashi ya ƙi. Sai ya kira shi ya ce, "Ka hwaɗa ma direba saura Hadid. Gobe Alhamis. Kada a yi sauka da giɓi."

A tasha, gaban mutane, na yi kuka kamar yaro.

Don haka 'yan uwana na gurup, ku hamsin da takwas, ina neman gafararku. Kun ba ni amana na yi wasa da ita. In kun ga a canza admin, wallahi ba zan ce uffan ba. Hajiya Kulu, Yaya, ke ce da gaskiya, ki yafe mini. Dokar sati uku kuma na janye ta. Wanda ya yi shiru, a je ƙofar gidansa a ji lafiya. Motata na nan.

Kuma na gode wa Allah da ya haɗa ni da ku. Waya ce ta haɗa mu, amma a cikinta na samu uba.

Ɗazu na mayar da lambar Baba cikin gurup. Lawali ya ce a bar masa ita, shi zai ci gaba da izun daga Asabar. A jerin wannan satin na goge sunana daga lamba ta hamsin da huɗu, na rubuta Baba Mamman Dauran. Ban sa alama ba tukuna.

Ya Allah, bawanka Mamman ya rufe mana giɓin da ba mu san da shi ba, ka rufe masa nasa. Ka yalwata kabarinsa, ka sa abin da ya karanta a bakin kuyya yana noma ya zame masa abokin zama. Ka ba Lawali da 'yan uwansa haƙuri. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, mutane su hau tudu su sauko lafiya.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce sai ka yi masa addu'a. In da hali ka sa ni a ciki, ina bukata.

Ni na tashi in yi alwala. Baba ya bar mini sura ɗaya, kuma wannan karon sai na karanta kafin in sa alama.