Na Shiga Madafa Don Kada a Raba Mini 'Ya'ya

Edita, ni namiji ne, gara in faɗa tun da wuri don kada mai karatu ya ji ana zancen tuwo da miya ya ɗauka mace ce ta rubuto. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ni tela ne a zangon Yendi, haifaffen Salaga, jikan fataken goro da suka zauna har suka manta hanyar gida. A lokacin ni mai son a gan ni fes ne: farar riga, hula a karkace, hira a bakin shago. Ko ruwan zafi ban taɓa ɗorawa ba. A gidanmu in yaro namiji ya leƙa madafa da muciya ake koro shi, ni kuwa na tashi ina ganin hakan shi ne girma. Matata 'yar Bawku ce, muna da yara uku: babba mace, namiji a tsakiya, sai auta mace da ba a daɗe da yaye ta ba. Iyakar sanina da abinci shi ne in ba da cefane da safe, in dawo in tarar da kwano a rufe.

Zazzaɓi ya kwantar da matata cikin damina, kafin mu ankara Allah ya karɓi abarsa. Bayan addu'ar arba'in dangi suka zauna a tsakar gidan da muke haya, suka yanke magana ina zaune kamar ba ni nan. Yayata za ta tafi da babbar Salaga, surukata ta ɗauki auta zuwa Bawku, a bar mini namijin tunda shi zai iya cin abincin saye. Da na tambayi dalili, sai yayata ta ce dalilin a fili yake, wa zai dafa musu? Ni kuwa na san riƙo, don a riƙo na tashi. Ina ƙarami aka raba ni da ƙanena, har gobe in mun haɗu gaisuwar baƙi muke yi. Na miƙe na ce babu inda yaro ko ɗaya zai je, ni zan dafa. Wallahi dariya aka yi, a gidan makoki. Surukata kaɗai ce ba ta yi ba. Ta kawar da kai, ta gaya wa yayata, don ba ta yi mini magana kai tsaye, cewa za ta dawo bayan an yi girbi, idanunta su gane mata.

Tuwona na farko, ko akuyar gidan sai da ta sansana ta wuce. Gudaji ne a sama, ƙauri a ƙasa, tsakiya ɗanye. Matan gidan hayar sun tausaya, suka riƙa zubo wa yaran nasu, amma tausayi ba ya daɗewa a gidan da kowa ke auna gari da gwangwani. Da na ga yarana sun fara tsayawa a bakin ƙofar mutane suna jiran a kira su, sai na ji kamar an mare ni. Na ɗauko keken ɗinkina daga shago na kafa shi a barandar ɗaki, inda zan taka keke ina kallon tukunya. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Dagomba a ɗakin da ke kallon nawa, ita ta zama malamata, amma daga kan kujerarta. Ta ce ba za ta taɓa mini muciya ba, in ta taɓa ba zan koya ba har abada. Daga can take ƙwala mini kira da Hausarta ta zango, tana cewa in rage wuta, in yi talge tukuna, in daina zuba gari kamar mai gina ɗaki.

A hankali hannu ya faɗa. Na koyi jiƙa gari ya kwana don tuwo ya yi ɗan tsami, ya kuma kai gobe bai lalace ba. Na koyi cewa madafa ba ta da shara sai wurin wanda bai sani ba. Tuwon da ya rage ɗumame ne da safe, ƙanzo a jiƙa shi a sha, ɓawon doya a wanke a shanya a kan rufin kwano a niƙa a turara wasawasa, a zuba mai da yaji da albasa yara su ci suna lasar hannu. Kuɓewa in ta yi araha sai in yanka in busar. Wata tsohuwar tasa da ta huje na cika da ƙasa na shuka ayoyo, wato lalo, ruwan wanke shinkafa nake ba ta. Wake da shinkafa kuwa, in na jefa karan dafi da 'yar kanwa, har maƙwabta sai sun leƙo. Babbar 'yata ce alƙalina, ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa, ko ta ce yau kam Baba ya yi ƙoƙari.

To amma a waje wuta ake hura mini. Ranar da na fara shiga layin masu kayan miya da kwando a hannu, kasuwa ta tsaya kallona. Kafin mako ya zagayo an raɗa mini suna, wai ɗan daudu. Abokan hirata, waɗanda muka ci kwano ɗaya shekara da shekaru, in na doso sai su tambaye ni nawa ake sayar da daddawa yau, su fashe da dariya. Wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ina zubar da mutuncin gidanmu, in nemi ko bazawara ce in aura cikin watan nan. Na ce masa ba zan auro 'yar mutane don tukunya ba, matata ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Masu kawo ɗinkin manyan riguna suka janye, wai hannun da ke warin daddawa ba zai taɓa musu shadda ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na zauna gaban murhu hawaye na zuba na ce hayaƙi ne. Amma ko sau ɗaya ban ajiye muciyar ba.

Abin da ya fi gorin mutane tayar mini da hankali shi ne auta. Manyan biyu suna ci suna ƙiba, ita kuwa ta ƙi. In na ajiye musu kwano sai ta sa yatsa ta lasa, ta juya baya. Na gwada koko, na gwada doya da mai, na gwada romon kifin da ake kawowa daga bakin ruwa, sai ta karɓi loma ɗaya ta riƙe a kumatu. Wuyanta ya fito, gashinta ya fara ja. Na kai ta asibiti, suka ce ba ciwo ba ne, abinci take so. Haba, abinci kuma? Ga shi nan ina dafawa safe da yamma! Kullum in na ɗora tukunya sai ta rarrafo ta manne da ƙafata, ni kuwa ina tsoron garwashi, sai in ɗauke ta in miƙa wa yayarta in ce su yi waje. Ta yi ta kuka har ta gaji ta yi barci.

A haka surukata ta sauka daga lorin Bawku da ƙullin kayanta a ka. Kallo ɗaya ta yi wa yarinyar ta saki salati. Ba ta ko zauna ba, ta kwance ƙullin ta fito da garin gero da busasshiyar rama da gyaɗa, ta ture tukunyata gefe. Ta yi tuwon gero mai tsami irin nasu, ta kaɗa miyar rama da dakakkiyar gyaɗa da ɗan ruwan toka. Edita, ina tsaye ina kallo 'yar nan ta ci har cikinta ya yi tulu. Daɗi ya kama ni, tsoro ya biyo baya, don na san abin da wannan cin yake nufi. Tsohuwar ta juya wajen matan gidan, ta ce kowa ya shaida, ita ba rigima ta zo yi ba, amma ba za ta binne 'ya ta binne jika ba. Ranar kasuwa in lori zai koma, da yarinyar za ta hau.

Kowa ya san kunyar da ke tsakanin mutum da uwar matarsa. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ran nan na ajiye kunyar a gefe. Na durƙusa a bakin murhu na kira ta Mma, yadda ɗa ke kiran uwarsa, na ce gaskiyarta ne, na kasa, amma yarinyar nan ba za ta hau lori ba in dai ina numfashi. In tana son jikarta ta rayu, ta koya mini abin da ta koya wa 'yarta. Ta dube ni a karo na farko a rayuwarta, ta ce ashe ba ni da kunya. Na ce e, ta ƙare. Ta ce to, daga gobe ni zan dafa, ita za ta zauna ta gani, in yarinyar ta ci daga tukunyata shi ke nan, in ta ƙi kada in sake buɗe baki.

Ta koya mini, amma da faɗa. Ta ce 'yarta ba ta taɓa ba yaran nan tuwon masara zalla ba, ni da na ci girkinta shekaru ban ma san abin da nake ci ba. Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na koyi zubar da ruwan farko na rama, na koyi tace toka, na koyi daka gyaɗa ba tare da ta yi laushi ta fitar da mai ba. Na dafa, miya ta yi, ita kanta ta ɗanɗana ba ta kushe ba. Na zuba a kwano na ajiye, auta ta sa yatsa ta juya baya. Washegari ma haka. Ga ranar kasuwa ta matso, tsohuwar har ta fara haɗa 'yan rigunan yarinyar.

Da yammar jajiberin tafiya ina tuƙa tuwo, zuciyata a dagule, sai yarinyar ta zo ta manne da ƙafata kamar kullum. Na sunkuya zan ɗauke ta in miƙa waje, sai hoton ranar da kakarta ta yi girki ya faɗo mini. Ba a kwano ta ci ba. A gindin murhu ta ci, a zaune tsakanin ƙafafun tsohuwar, ana yago tuwo daga jikin muciya ana hurawa ana sa mata a baki. Na tambayi babbar ko haka uwarsu take yi. Ta ce kullum, auta ba ta taɓa ci a kwanonsu ba. Wayyo ni, ashe duk watannin nan yarinyar wurin cin abincinta take zuwa, ni kuma ina korar ta! Na ja kujera nesa da garwashi, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna, na yago tuwo daga muciya na hura na dangwala miya. Ta buɗe baki. Ta haɗiye, ta sake buɗewa, ta kama yatsana da hannu biyu don kada in janye.

Surukata tana zaune a tabarma tana gani. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da safe ta kwance ƙullin 'yan rigunan ta mayar da su ɗaki da kanta. Na raka ta tasha, inda masu yi mini dariya suke zaune a benci, ta ɗaga murya yadda za su ji ta ce in rage ruwan toka, kuma za ta riƙa aiko mini da gero da daddawa ta hannun direba. Ta hau lori ita kaɗai.

Yayata ba ta sake cin abinci a gidana ba har ta rasu, sunan da aka raɗa mini kuwa akwai tsofaffin da har yau da shi suke kwatancena. Ko a jikina. Na yi aure daga baya, lokacin da na ga dama, kuma ban fita daga madafa ba. Abin da na koya shi ne girki ba gari da ruwa kaɗai ba ne, sai ka san wanda kake dafa wa da yadda yake ci. Ina jan kunnen maza masu taƙama da cewa ba su san hanyar murhu ba: ku shiga tun matanku na da rai, ku zauna ku ga yadda ake ciyar da 'ya'yanku. Iyaye mata, ku daina korar yara maza daga bakin tukunya, ba gata kuke yi musu ba. Mutuwa ba ta tambayar wa ya iya tuwo kafin ta shigo gida. Masu dariya sun yi dariyarsu sun gaji, babu wanda ya taɓa kawo wa 'yata loma ɗaya. Yarana uku a ɗaki ɗaya suka girma, kuma da hannun nan nawa na ciyar da su.